Yadda muka shirya yara zuwa gasar Science Bowl

Ga masu tambayata yadda makaranta ke samun zuwa National Science Bowl, wato gasar kacici-kacici ta kimiyya da lissafi ta ɗaliban makarantu a nan Amurka, ba rajista kawai za ku yi ku tafi Washington ba, sai kun fara cin gasar yankinku tukuna, kuma wanda ya zo na ɗaya ne ke wucewa, na biyu komai ƙoƙarinsa gida zai koma. Ma'aikatar makamashi ce ke shirya ta tun 1991, ita ke biyan kuɗin tafiyar waɗanda suka ci.

Tim yara huɗu ne da ɗaya a benci, sai malami a matsayin koci, to ni ne kocin namu. Da na tashi zaɓe ban bi makin jarrabawa ba, na baza su ne bisa fannoni, wannan lissafi, wancan fiziks, ɗaya kemistiri da bayoloji, sannan na nemo wata yarinya mai son duwatsu da taurari don ɓangaren ƙasa da sararin samaniya, wanda makarantu da yawa ke rainawa alhali tambayoyinsa na fitowa kamar kowa.

Inda wasan yake shi ne maɓallin da ake dannawa don samun damar amsa wallahi. Tambayar da ake fara jefa wa tim biyun maki 4 ce, daƙiƙa 5 gare ku, ba shawara, kowa da kansa. In kun ci sai a ba ku bonas mai maki 10, nan za ku iya tattaunawa na daƙiƙa 20 amma kyaftin kaɗai ke da bakin amsa. In yaro ya katse mai karantawa kuma ya faɗi ba daidai ba, abokan karawa a ba su 4 kyauta. Muna da wani yaro mai kai sosai amma hannunsa ya fi kunnensa sauri, sai da na riƙa karanta masa tsofaffin tambayoyi ina canja wutsiyar jimla da gangan kafin ya koyi jira. Wata kuma ta san amsa sarai amma tsoro ya hana ta dannawa, ita gyaranta ya fi wuya.

Har haruffan zaɓi sai da muka saba da su, W, X, Y, Z ne ba A, B, C, D ba.

A yanki mun fita daga rukuni lafiya, zagayen kifa ɗaya kwala ne ya zo mana da zafi, bonas biyu na lissafi suka raba mu da tikiti. Bana kyaftin ɗinmu ɗan lissafi ne.