Daga Aboabo zuwa Alƙahira, da abin da na tarar da na dawo

A makon jiya ɗan yayata, wanda ya gama sakandare a bana, ya zo gidana a Aboabo bayan la'asar, ya gaishe ni, sannan ya ce, "Kawu, ina so in tafi Masar karatu kamar yadda kuka yi." Na ce masa ya dawo ranar Juma'a, domin maganar ta fi ƙarfin zama ɗaya.

A zangonninmu na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Tafo, idan aka ce yaro zai tafi karatu waje, abin da ke fara zuwa ran iyaye shi ne Madina ko Alƙahira, ba Ingila ko Amurka ba. Ranar da zan tashi an tara malamai an yi addu'a, an raba goro, kuma aka rako ni tashar motar Accra kamar mai tafiya aikin hajji. Kowa ya yi mini nasiha a kan salla da zama da mutane lafiya, amma babu wanda ya tambaye ni abin da zan yi da takardar shaidar idan na dawo, ni ma ban tambayi kaina ba.

Azhar, inda na yi karatu a Alƙahira, ba ƙaramin wuri ba ne. An gama ginin masallacin a shekarar 972, kuma tun daga gyaran da aka yi a 1961 ana koyar da likitanci da injiniyanci da aikin gona a jami'ar, ko da yake yawancinmu 'yan zango tsangayar Usuluddini ko Shari'a ko Lugga muke nufa. Kafin shiga jami'ar sai an gwada baƙo, kuma da yawa ana mayar da su ajin share fage. Ni shekara biyu na yi a nan, duk da cewa a gida har yara nake koya wa Nahawu. Larabcin littafi kuwa daban ne da na titi. Misirawa suna mayar da jimun "g", suna haɗiye ƙafun, kuma ranar da na tambayi wani direba hanya da tsantsar Larabcin fusha, sai ya saurare ni har na gama, ya ce "sadaƙallahul azim", motar duka ta fashe da dariya. Sanyin Janairu, da layin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da dafaffen waken ful da gurasa kowace safiya a madadin koko da ƙosai, duk waɗannan mutum yana sabawa da su.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne dawowar. A watan farko ana kirana Ustaz, ana tura ni sahun gaba, ana gayyatata ɗaurin aure da suna. Da watan ya wuce sai aka shiga fassara takardu zuwa Turanci, da kai su Accra domin GTEC, hukumar kula da manyan makarantu ta Ghana, ta tantance matsayinsu, da hidimar ƙasa ta shekara guda. A lokacin abokaina da suka shiga jami'ar KNUST ko ta Legon sun riga sun kama aiki, wasu har sun yi aure. Duk sanarwar aikin da na ɗauka da Turanci aka rubuta ta, kuma da Turanci za a yi wa mutum tambayoyi, alhali nawa ya tsaya a inda na bar shi shekara shida da suka wuce. Makarantar da na fara koyarwa a cikinta, iyaye ne ke haɗa ɗan abin da ake ba mu, wanda ba ya kai mutum tsakiyar wata. Ina da shekara talatin na koma ajin yamma tare da sa'annin ƙannena, na sake zana jarrabawar kammala sakandare, WASSCE, ta masu zaman kansu, kuma ita ce ta buɗe mini hanyar samun difloma ta koyarwa.

Akwai kuma abin da ba a hannun ɗalibi yake ba. A 2022 yaƙi ya koro ɗalibanmu daga Yukiren, a Afrilun 2023 ya koro na Khartum, wasu ana saura kaɗan su kammala. A 2022 ɗin nan ne dala ta tashi daga kusan sidi 6 zuwa fiye da 14, har iyayen da ke aika kuɗi daga ribar kasuwa suka rasa yadda za su yi.

Ban yi nadamar tafiyata ba, domin na zauna gaban malaman da a da sunansu kawai nake gani a bangon littafi. Amma ranar Juma'a zan ce wa yaron ya zo da sakamakon jarrabawarsa. Idan ya ci Turanci da lissafi, za mu cike takardun tare, kuma zan so ya duba likitanci ko injiniyanci kafin ya yanke shawara. Idan bai ci ba, sai ya sake zana su tukuna, ko da uwarsa za ta yi fushi da ni. Na ji an ce ta riga ta sayo masa akwati a kasuwar Kejetia.