Zaɓen lebul idan za ka tura kwandala a tantance maka

Masu tara tsofaffin kuɗi ba mu da yawa a cikin Hausawa, shi ya sa nake jin daɗi duk lokacin da wani sabo ya tuntuɓe ni, kuma kusan duk wanda ya kai matakin tura kwandalarsa waje a duba masa wuri ɗaya yake maƙalewa, wato layin nan na fom ɗin da ake tambayar wane irin lebul kake so, 'yar takardar bayanin da ake sa wa kwandalar bayan an tantance ta. Ra'ayina a kai tun daga farko shi ne ka ɗauki lebul ɗin gama-gari, wanda ba a ƙara ko sisi a kansa.

Ga wanda bai san harkar ba, manyan kamfanonin da ke wannan aiki biyu ne kuma duk a Amurka suke, PCGS da aka kafa a 1986 a Kalifoniya, sai NGC a 1987 wadda hedikwatarta ke Sarasota a Fulorida. Ko dai ka biya kuɗin zama mamba ka tura da kanka, ko ka bi ta hannun dilan da suka amince da shi. Za su duba ko kwandalar ta gaske ce, su ba ta maki daga 1 zuwa 70 a ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949, sannan su rufe ta ruf a gidan roba mai tauri wanda sai an fasa yake buɗuwa. To 'yar takardar da ke sama a cikin robar ita ce lebul ɗin, tana ɗauke da ƙasa da shekara da makin da lambar da kowa zai iya bugawa a shafinsu na intanet ya tabbatar. Na NGC na yau da kullum ruwan ƙasa ne, na PCGS kuma shuɗi.

Inda ake ruɗa sabon shiga shi ne sunayen nan masu daɗin ji. PCGS na da First Strike, NGC na da Early Releases da First Releases, kuma mutum idan ya gani sai ya ɗauka kwandalarsa tana cikin waɗanda injin ya fara bugawa, alhali abin da ake nufi kawai shi ne ta isa hannun kamfanin cikin kwana 30 na farko da fitowarta. Shi ke nan fa. Ita kanta ma'aikatar buga kuɗin Amurka ta fito ta ce ba ta lissafin wacce aka fara bugawa da wacce ta zo ƙarshe, kuma tana buga tuli tun kafin ranar fara sayarwa. NGC ma da can First Strikes take rubutawa, sai da maganar ta kai kotu a 2006 sannan ta koma Early Releases. Ba na cewa babu masu biyan ƙari a kan irin wannan lebul, akwai su sosai musamman a kan Silver Eagle, kwandalar azurfar nan ta Amurka mai nauyin giram 31.1 da ake bugawa tun 1986, amma kwandala mai maki 69 ko da wane irin ado aka yi wa takardarta 69 ce, kamar dai goro ne, kyan ganyen da aka naɗe shi bai canja abin da za ka tauna ba. Haka lebul masu ɗauke da sa hannun John Mercanti wanda ya zana gaggafar bayan Silver Eagle ta asali, yawanci manyan diloli masu turawa da yawa ne ke samun irinsu, ba kai mai guda biyu uku ba.

Sannan mu da yawancin abin da ke hannunmu kuɗin zamanin Turawa ne, duk wannan bai ma shafe mu ba, ba wanda zai ba aninin 1936 lebul ɗin kwana 30. Abin da ya kamata ka zuba wa ido shi ne abin da za a rubuta a kan takardar. Ɗauki aninin ko kwabon nan mai huda a tsakiya, mai tauraro mai tsini shida da rubutun larabci, ka sa gilashin ƙara girma ka duba shi a hasken rana, wani za ka ga 'yar ƙaramar H wani KN wani kuma babu komai. H na nufin ma'aikatar Heaton ta Bamingam a Ingila ce ta buga, KN kuma King's Norton, kuma a shekara ɗaya wannan ɗan harafin yana iya raba mai araha da mai tsada, don haka ka rubuta shi daidai a fom, idan kaya suka dawo ka sake dubawa ko haka suka sa. Na 1936 ɗin akwai masu sunan Edward na takwas, sarkin Ingila da ya sauka kafin a naɗa masa kambi, ni ina matuƙar son su. Aninin 1907 kuma na alminiyom ne, daga 1908 aka koma haɗin tagulla da nikel saboda alminiyom ɗin bai jure ba.

Akwai lebul guda da ba kai ke zaɓa ba kuma shi ne ya fi ɓata rai. Idan suka ga an wanke kwandala ko an kankare ta ko an taɓa liƙa mata maratayi, ba za su ba ta maki na lamba ba, NGC za ta rubuta Details, PCGS ta rubuta Genuine, sai a faɗi aibin a ƙasa, farashi kuma ya faɗi warwas. Wannan ya shafe mu ƙwarai don mu da mun ga tsohon ƙarfe ya yi duhu sai a ɗauko toka da lemon tsami a dirje shi ya yi ƙyalli. Don Allah kar ka yi. Duhun nan masu saye suna son sa, dirzar kuwa tana barin siraran layuka da ake gani da an karkata ta a haske, kuma ba sa gyaruwa har abada. Dalar azurfa ta Maria Theresa ma da kakanninmu mata suka yi ado da ita, da yawa an huda su ko an yi musu walda, ga shi kuma 1780 ɗin da ke jiki ba lallai shekarar bugawa ba ce don an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zamaninmu.

Abin da nake ganin ya cancanci ƙarin kuɗi in za ka iya shi ne hoto, kamar TrueView na PCGS, saboda ana yin jabun robar ita kanta, mai saye zai kwatanta hoton da abin da ke hannunsa. Kuma kafin komai ka zauna ka haɗa kuɗin mamba da na tantancewa da inshora da aikawa zuwa da dawowa a dalar Amurka, ka duba nawa irinta mai makin da kake tsammani ta sayu kwanan nan, in lissafin ya fi ƙarfin kwandalar ka sa ta a 'yar jakar ajiya wadda ba ta da sinadarin PVC ka adana a inda ba danshi.