Asabar: na zagaya da Kawu mashayun Edinbara

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na dare yanzu, ƙafata kamar ba tawa ba, amma bari in rubuta kafin in manta. Kawu ya iso da safe a jirgin ƙasa daga Manchesta, wajen 'yarsa da ta haihu ya zo, ya ce ba zai koma Jos ba sai ya ga inda nake zama, wato Edinbara babban birnin Sikotlan. Na tarye shi a tashar Waverley ana yayyafi, ya sha riguna har uku da hular sanyi, ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce ɗana ance mutanen nan sun iya giya, yau sai ka nuna min. Na ce Kawu wiski aka fi saninsu da shi. Ya ce shi ba ya shan abin da ke ƙona hanji, giya yake so.

Da farko mun tsaya cin abinci a Mosque Kitchen kusa da babban masallaci, can muka haɗu da mutumina ɗan Kano mai digiri na uku, shinkafa da miyar kari mai zafi. Shi dai ba ya sha kuma ba ya shiga inda ake sha, kowa ya san da haka tsakaninmu. Na tsokane shi da cewa akwai kamfani a nan Sikotlan, Jump Ship, da ba ya yin komai sai giya marar sa maye, wadda ƙarfinta bai wuce 0.5 cikin ɗari ba. Ya ce ko sifili ce in dai sunanta giya ya yafe, a bar shi da Irn-Bru ɗinsa, lemon kwalba ne na mutanen nan. Kawu ya kurɓi Irn-Bru ɗin ya ce wannan ai maganin tarin yara ne aka sa wa gas. Muka yi ta dariya, shi ya wuce laburare mu muka gangara tsohon gari.

Kuskuren da na yi shi ne na fara kai Kawu wata tsohuwar mashaya mai giyar ganga, irin wadda ake jawowa daga ɗakin ƙasa ba tare da an cusa mata gas ba. Ita wannan ba a sanyaya ta sosai, wajen digiri 11 zuwa 13 ake ajiye ta, kuma da gangan ne, wai sanyi mai yawa yana kashe ɗanɗano. To mutumin da ya shekara arba'in yana cewa a kawo mai raɓa a jikin kwalba, ka miƙa masa wannan. Ya kurɓa ya ajiye ya dube ni ya ce ko nan ma ana ɗauke wuta ne. Yarinyar da ke zuba mana ta ga fuskarsa ta gane ba sai an fassara mata ba, ta kawo ƙananan kofuna uku ta ce ya ɗanɗana kafin ya saya, wannan al'adarsu ce kuma kyauta ne, abin da nake gaya wa duk wanda ya zo kenan, kar ka ji kunya ka nemi ɗanɗano.

Cikin ukun akwai wadda aka rubuta 80/- a jikin famfonta. Kawu ya ƙura ido ya ce wannan ba alamar sule ba ce? Na ce ita ce. Nan fa hira ta ɓalle, don shi ya kashe sule da hannunsa kafin naira ta zo a 1973. Na ba shi bayanin kamar yadda abokin zamana ya ba ni, shi yana karatun haɗa giya ne a jami'ar Heriot-Watt, e da gaske akwai kwas ɗin har digiri na biyu. Tun ƙarni na 19 masu giya a nan suna kiran giya da kuɗin gangarta, sule 60 mai sauƙi, sule 70, sule 80 mai ɗan nauyi, sai sule 90 da suke ce wa wee heavy, wannan in ka yi wasa sai an riƙo ka. Kawu ya lissafa da yatsa ya ce sule tamanin fam huɗu kenan, ganga guda, kai kuma nawa ka biya kofi ɗaya? Na ce ya wuce fam biyar. Ya ce lallai duniya ta lalace ko'ina. Amma ya shanye tas, ja ce mai duhu, zaƙin tsiron sha'ir ya fi ɗaci yawa a cikinta, ya ce wannan ta san girman manya.

Gaskiya in mutum daga gida ya zo, ga yadda ya kamata in bi da shi, yau na koya. A fara da Tennent's, wadda ake yi a Gilasgo tun 1885, mai jan T ɗin nan da ke kowane lungu, ita ce ta fi kusa da abin da muka saba kuma da sanyinta take zuwa. In bakinsa ya zauna sai Schiehallion ta Harviestoun, ƙaramin kamfani ne a garin Alva, ita ma lagar ce irin Tennent's ɗin amma ƙamshinta daban. Daga nan Belhaven Best, su suna Dunbar tun 1719, ba a da gidan giya mai aiki da ya girme su a Sikotlan. Ni kuma tawa ta kullum Jarl ce ta Fyne Ales, gona ce a can Argyll ƙarshen Loch Fyne, shanu a gefe tukwanen giya a gefe, ƙarfinta 3.8 cikin ɗari ne kawai ga ƙamshin lemun tsami, za ka sha kofi biyu ka tafi gida da ƙafarka kana gane mutane. BrewDog kowa ya san su, 2007 suka fara a Fraserburgh su biyu, yanzu giyarsu mai ɗaci Punk IPA har a manyan kantuna take, ban ma sa su a layin ƙanana kuma, kuma ɗacin irin wannan giyar ba da shi ake tarbar baƙo ba.

Wajen ƙarfe huɗu muka hau taragon cikin gari zuwa Leith, bakin tashar ruwa, inda ƙananan kamfanonin giya suke, Pilot da Campervan da Newbarns duk a unguwa ɗaya. Muka shiga ɗaya daga ciki, wuri ne kamar gareji, benci na katako, tankokin ƙarfe a bayanka, wani da karensa wata da keken jariri. Ƙamshin dafaffen tsiro ya daki Kawu tun daga ƙofa sai ya tsaya cak. Ya ce wannan warin gidan kakarka ne ranar dahuwa. Ban taɓa sanin kakata ta yi burukutu ba sai yau, a Leith, wai da shi ta biya kuɗin makarantarsa da na mamata. Ya zauna ya ba ni labarin yadda ake jiƙa dawa a shimfiɗa ta a rufe har ta tsiro, a shanya a niƙa, a dafa a bari ta yi tsami a sake dafawa, kwana da kwanaki ana abu ɗaya, kuma duk matan unguwar dawa ɗaya suke saya a kasuwa ɗaya amma mashayi yana kurɓa zai ce maka wannan tukunyar wance ce. Na fassara wa saurayin da ke aiki a wurin, ya saki abin da yake yi ya zo yana tambaya da me ake sa ta tashi tunda ba a sayen yis, Kawu ya ce ragowar ta jiya ake zubawa. Yaron ya ce su ma haka suke kwashe yis daga wannan tanki su zuba a wancan. Kusan minti ashirin suna abu, ni na koma tafinta, makogwarona har ya bushe.

A nan ne na daina jin haushin tsadarsu, ko dai na rage. Mutum biyar shida ne ke aikin, su dafa su zuba a gwangwani su wanke tanki, ba za su taɓa sayarwa a kuɗin manyan kamfanoni ba. Kuma ƙanana ne ke riƙe da garin yanzu, babban gidan giya na Caledonian da ke unguwar Slateford tun 1869, masu giyar Deuchars, an rufe shi a 2022.

Wadda ta gama da Kawu ita ce Fraoch ta Williams Bros na Alloa, a wani shagon kwalabe muka samu a hanyar dawowa. Da furen heather ake haɗa ta, wannan ciyawar mai shunayya da ke rufe duwatsunsu, ƙamshinta kamar zuma zuma. Na so ya gwada Ola Dubh, baƙa wuluk da ake kwantar da ita a gangar wiskin Highland Park, da Skull Splitter ta tsibirin Orkney, amma da na gaya masa ma'anar sunan mai fasa ƙoƙon kai kuma 8.5 ce, ya ce gobe akwai coci, a kai kasuwa. Masu tsami na kamfanin Vault City ma na bar su, su sai ka ɗauka ruwan 'ya'yan itace ne, ban san yadda zai kalle ni ba in na ce masa giya ce.

Kwalba ɗaya tak muka saya ta Fraoch ɗin don a gwada, muka zo gida na ɗora tuwon semo da kuka, ya sha ya ce kai wannan sai na kai wa surukina guda shida. Na duba agogo goma saura kwata. Na zura takalmi na fita da gudu, na manta shagon da ke kusa ba ya ajiye ta, kafin in kai babban kanti goma ta wuce da minti huɗu. Dokar Sikotlan kuwa daga 10 na dare zuwa 10 na safe ba a sayar da giyar tafiya da ita gida, na'urar ma ba za ta karɓa ba ko da mai kantin ɗan uwanka ne. Na dawo jiƙe da burodi da madara.

Jirginsa ƙarfe biyu ne gobe, in an tashi coci za mu biya ta kantin mu saya. Yana kan kujera yana minshari yanzu da hular sanyin a kansa, ya wanke kwalbar ya sa a jakarsa wai don kar mu manta sunan.