Hawan Aburi a Kan Keke: Wasiƙa Daga Accra

Assalamu alaikum jama'ar gida.

Gaisuwa mai yawa daga unguwar Nima a birnin Accra, wanda tsofaffin zango har yau suke kira Ankara. Ina fatan sanyin Jos bai matsa muku ba. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne, tun da hotona ya iso gida ina sanye da hular kwano, na dafa keke a bakin wani kwari, Goggo ta aiko saƙon murya tana tambaya ko kasuwa ce ta karye har na koma keke. Kasuwa lafiya lau, Goggo. Zaman shago ne ya tara min teɓa, hawa bene ɗaya sai na tsaya haki, shi ya sa na sayi wani keken tsere na gwanjo, irin mai tayar nan siririya kamar babban yatsa, wanda da hannu ɗaya za ka ɗaga shi. Na saya don motsa jiki a cikin gari, sai ga shi ya kai ni kan duwatsun Akuapem.

Ranar Asabar muke fita, da an sallame sallar Asuba. Mu biyar ne, wani lokaci shida, mu haɗu a Madina wajen mai koko da ƙosai. (A nan ko wanda bai iya "sannu" ba, kokon Hausa yake ce masa, da shi rabin garin ke karya kumallo.) Daga Madina a bi ta Adenta, Pantang, Oyarifa. Wannan yanki ba abin da zan faɗa a kansa sai dai a kula da trotro, motar hayarsu, wadda direbanta ke taka birki duk inda ya hango an ɗaga yatsa. A Ayi Mensah, inda da ake karɓar kuɗin hanya kafin a dakatar a 2021, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa take ƙarewa. Ka ɗaga kai ka ga titi ya naɗe jikin dutse ya yi sama.

Hawan daga nan zuwa Peduase bai wuce kilomita biyar ba, amma ranar farko ya koya min hankali. Na tunkare shi da giya mai nauyi, wai ni ɗan Filato, wanda ya tashi yana hawa duwatsun Shere. Kafin kwana ta uku gumi ya shiga idona, cinyoyina suna rawa, na sauka ina tura keke. Asabar kuwa ranar masu tattaki ce a hanyar, jama'a ɗari-ɗari ke fitowa daga Accra su hau da ƙafa. Wasu mata uku, kowacce ta haife ni, suka zo suka wuce ni suna hira, ɗayarsu ta waiwayo ta ce "ayekoo", wato sannu da aiki. Na amsa, amma da ƙasa za ta tsage da na shige.

Dattijon cikinmu, mai gyaran keke ne, mutumin Tamale, ya dawo ya same ni. Bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya mayar da sarƙa kan ƙaramin faifan gaba da babban faifan baya, ya ce, "Ɗana, tun kafin ka ji nauyi ake sauke giya. Bar ƙafa ta yi ta juyawa da sauƙi, kada ka danna kamar mai kirɓa sakwara. Ruwa kuma ka kurɓa tun ba ka ji ƙishi ba." Na ce, "To, Baba." Da wannan karatun nake hawa har yau, a zaune, ba tare da na sa ƙafa a ƙasa ba. In ka kai sama ka waiga, Accra ce shimfiɗe a ƙarƙashinka, rufin kwano har iyakar gani, in ba lokacin hazon hunturu ba ma har teku za ka hango.

A Peduase nakan tsaya ko ban gaji ba. Akwai wani gidan saukar shugaban ƙasa da aka gina zamanin Nkrumah, kuma a cikinsa ne Gowon da Ojukwu suka zauna ranakun 4 da 5 ga Janairun 1967, bisa gayyatar Janar Ankrah, shugaban mulkin sojan Ghana na lokacin. Yarjejeniyar Aburi ke nan da muka haddace a makaranta. Gowon yana da shekara 32, Ojukwu 33, duk na girme su yanzu. Suka koma gida kowa da fassarar da ya yi wa abin da aka amince, a ƙarshen watan Mayu aka ayyana Biyafara, ranar 6 ga Yuli aka fara harbi. Marigayi mahaifinmu yakan ambaci Aburi in ana hirar yaƙin basasa, ni kuma na ɗauka wani katafaren birni ne. Ashe ɗan gari ne a kan tudu, mai iska mai sanyi, da masu sassaƙa ganguna da kujeru a bakin titi, da wani lambun itatuwa da Turawan Ingila suka buɗe a 1890, wanda dogayen bishiyoyin kwakwar ado suka jeru a hanyar shigarsa kamar dogarai. Abokan tafiyata 'yan Ghana ba su damu da wannan tarihi ba. Su dai su sami mai kwakwa ya fasa musu.

Daga Aburi ne tafiyar take daɗi. Titin ya bi doron dutsen, ɗan hawa, ɗan gangara, garuruwa kuma a jere kamar tasbaha: Ahwerase, Obosomase, Tutu, Mampong, Amanokrom, Mamfe, sannan Akropong, inda fadar sarkin Akuapem take. Kafin ka gama fita daga wani ka shiga wani. Tsofaffin gidajen dutse, coci a kowace kusurwa, domin nan 'yan mishan na Basel suka kafa sansani, har suka buɗe kwalejin horar da malamai a Akropong a 1848. A Mampong akwai gonar da Tetteh Quarshie ya shuka koko a 1879, da irin da ya kawo daga tsibirin Fernando Po. Kokon da ake cakulan nake nufi, ba na sha da ƙosai ba. Maƙeri ne mutumin, amma abin da ya shuka ya zama abin da ƙasar ke tinƙaho da shi, har ta daɗe Kwaddebuwa ce kaɗai ke gabanta wajen nomansa. Mutanen yankin kuma an san su da ladabi, har tsokanarsu ake yi cewa ko zaginka za su yi sai sun fara da "don Allah". In azahar ta riske mu, tambaya ɗaya ce: ina zango? Za a nuna maka, ka tarar da buta da tabarma da wanda zai amsa maka da Hausa.

Mukan juya a Mamfe mu nufi Larteh, daga can mu gangara zuwa Ayikuma, mu biyo ta Dodowa mu dawo Adenta. Daga ƙofar gidana zuwa dawowa, agogon kekena kan nuna sama da kilomita 100.

Gangarar Larteh ita ce wurin da ba a wasa. Kwanoni ne masu kaifi, wani na bin wani, keke kuma yana neman ƙwacewa. Wata rana tsoro ya sa na matse birki na ƙi saki tun daga sama. Robar birki tana gugar ƙarfen taya, ƙarfen ya ɗau zafi, iskar ciki ta kumbura, sai ji na yi fam! Tayar baya ta fashe. Allah ya taƙaita, na zube cikin ciyawa, gwiwar hannu ce kawai ta goge. Abokaina sun riga sun yi ƙasa. Ina zaune ina duba ciwon sai ga wata tsohuwa ta fito daga gona da adda a hannu da rogo a ka. Ba ta jin Hausa, ni kuma Twi ɗina bai wuce na ciniki ba. Ta sauke kayanta, ta zuba min ruwa daga galan na wanke hannun, ta ƙwala wa wani yaro kira ya zo ya riƙe min keken na sa sabon tub na buga famfo. Na miƙa mata sidi goma, ta ture hannuna tana faɗa. Daga baya Baba ya ce birki a gangara matsawa ake a saki, a matsa a saki, kuma kafin kwana ake rage gudu, ba a cikinta ba.

Tun ranar nake tunanin gida. In dai tudu ne, Aburi ɗan yaro ne, bai kai mita 500 ba, alhali Jos kanta tana kan kusan mita 1,200, Mambilla ta fi haka nesa. Wanda ya san Hawan Kibo, ko hanyar Mangu zuwa Pankshin, ko hawan nan da ake yi kafin a isa Gembu, ba za a burge shi da dutse a Ghana ba. Amma na tambayi kaina: da a wata gangara ta Riyom ko Barikin Ladi na faɗi ni kaɗai, na ga mutum ya fito daga gona da adda, me zai fara zuwa raina? Shi kuma da ya ji harshena, me zai fara zuwa nasa? Mu da muka ga rikice-rikicen da suka faru a Filato tun daga 2001 mun san amsar, kuma ba daɗin faɗi. Abin da ya sa hanyar Akuapem ta hawu a keke shi ne kowane ɗan taƙi akwai gari, akwai mai sayar da ruwa da gasasshiyar ayaba da gyaɗa, kuma ba wanda ya taɓa tare ni ya tambayi addinina ko ƙabilata. Mahaifinmu da kekensa Rali yake zuwa Bukuru ya dawo bayan magariba, ba wanda ya tsaya jiransa a ƙofar gida da fargaba. Ba na jin a yau zan bar ɗana ya wuce bayan gari shi kaɗai.

Kada ku ɗauka aljanna nake ba ku labari. Nan ma akwai ramuka, da damina duwatsu kan gangaro kan titin Peduase, direbobi ba su ɗauki mai keke a bakin komai ba, a cikin Accra kuma in ka fito da waya a bakin titi wani a babur zai iya raba ka da ita.

Bayan salla, in Allah ya kai mu, muna shirin wucewa Akropong da Adukrom, mu sauka Somanya, mu kai gadar Adomi da ke kan kogin Volta, mu kwana a Akosombo. Baba ya ce sai na canja robar birki tukuna. Ƙanena, don Allah ka leƙa ɗakin ajiya na zaure ka duba min ko Ralin mahaifinmu yana nan. In yana nan kada a sayar wa 'yan gwangwan, a shafa wa sarƙar mai a jingine shi inda ruwa ba ya zuba. A gaishe da Goggo, a ce mata hular kwanon ba ta soja ba ce.

Wassalam, naku a Nima.