A-kori-kurar Baba ta tashi

Alhamdu lillahi! Yau Peugeot 504 ɗin marigayi Baba, haɗin Kaduna, ta shigo Jos da buhunan dankali daga Bokkos, ko tari ba ta yi ba.

Mun sauke tsohon inji mai kafireta, muka ɗora na Toyota mai injekta da giyabos ɗinsa. Ɗorawar ba wuya, wayoyi ne suka ba mu ruwa. Sai da mai wayarin ya bi su ɗaya bayan ɗaya har birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin. Mai walda ya sake mazaunin inji, aka gyara tsawon farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, aka sa famfon mai na lantarki don injekta na son matsi.

'Yan'uwa sun so in sayar. Wallahi ba zan iya ba.

Saura birki, tunda ƙarfi ya ƙaru kuma gangaren Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ba wasa ba ne.