Yadda Ake Tsara Ajin Damben Boksin na Motsa Jiki Ga Mutum Goma Sha Shida

Tun daga watan Disamba na 2019, da Anthony Joshua ya rama kayen da Andy Ruiz ya yi masa a Dir'iyya, damben boksin ya samu gindin zama a Saudiyya. Aka yi karon Usyk da Joshua a Jidda a watan Agusta na 2022, aka yi na Fury da Usyk a Riyad a watan Mayu na 2024. Yanzu da wuya ka shiga nadi, wato wurin motsa jiki, a Jidda ko Makka ba ka ga buhun naushi a rataye ba, kuma yaranmu da manyanmu sun fara neman wanda zai haɗa musu aji. Wannan bayani na kabtin ne, wato mai horarwa, da aka danƙa wa mutum goma sha shida, buhu biyu da minti hamsin.

Abin da ke kashe irin wannan aji shi ne kabtin ya zo da dogon jerin salon naushi a kansa, bai lissafa agogo da kayan aiki ba. Sai ka ga mutum huɗu suna dukan buhu, sha biyu sun harɗe hannu suna kallo, gumin da aka tara ya bushe. Daga agogo da kaya ake fara tsari, naushi shi ne na ƙarshe.

A kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, tsakanin Magariba da Isha'i minti 90 ne cif, a Ramadan kuma 120. Idan ka cire salla da hanya da naɗin hannu, ajin minti hamsin zai shiga amma da ƙyar, kuma a jiƙe za a tafi masallaci. Bayan Isha'i ya fi kwanciyar hankali. Da azumi a bari sai bayan tarawihi, a rage tsawon ajin da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya ci kabsa ko tuwo ya ba cikinsa awa biyu zuwa uku kafin ya zo, in ba haka ba amai ne zai fitar da shi a turmi na uku.

Wuri kuma, kowane mutum yana buƙatar kamar mita biyu tsawo, mita biyu faɗi. Gwajin mai sauƙi ne: kowa ya buɗe hannuwansa ya juya, kada ya taɓa kowa. Tayil abokin gaba ne, domin da gumi ya ɗiga a kansa santsi ya zo, don haka a shimfiɗa tabarmar roba. Buhu mai nauyin kilo 30 zuwa 45 a jikin kankare ake rataye shi, ko a kan ƙarfen da aka yi dominsa, kada a kuskura a maƙala shi a silin ɗin jibis. A duba gindin buhun da hannu, saboda abin da aka cusa a ciki yana gangarowa ya dunƙule ya yi tauri, kuma gajerun mutane su ne ke dukan wurin. Da bazara kuwa, zafin Makka yana haura digiri 40, Jidda kuma ga laima a iska wadda ke hana gumi bushewa. Idan babu mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai aiki, a fasa ajin. Saman bene da daddare yana yaudara, domin kankare yana riƙe zafin yini har tsakar dare.

Kafin kowa ya sa safar dambe, ka tambaye shi lafiyarsa a keɓe: hawan jini, ciwon zuciya, suga, asma, tsohon ciwon kafaɗa ko wuyan hannu, da sikila. Wannan ta ƙarshe a kula da ita sosai, tana da yawa a cikinmu, kuma zafi da ƙishirwa da aiki mai tsanani su ne ke tayar da ita. Duk mai ɗaya daga cikin waɗannan ya fara ganin likita. A ajin mata, waɗanda aka fara ba wuraren motsa jikinsu lasisi a 2017, a ƙara tambayar juna biyu, a cire zobe da awarwaro da allurar mayafi, a rage farce, domin dogon farce yana hana dunƙule hannu yadda ya kamata.

Ka'ida ɗaya ba a sassauta ta: a wannan aji ba wanda ke dukan wani. Buhu ake duka, da matashin hannu wanda abokin aiki ke sawa ya tare naushi, da iska. Hadisi ingantacce ya hana dukan fuska, kuma ko ta fuskar lafiya babu dalilin da zai sa magidanci da ya zo rage tumbi ya koma gida da jijjigar ƙwaƙwalwa. Samari za su roƙa a bar su su ɗan gwada juna. A'a ce amsar.

Naɗin hannu a yi shi minti goma kafin aji, kada ya ci lokacin aiki. Bandejin manya mita huɗu da rabi ne, na masu ƙaramin hannu mita uku. A saƙala madaukin a babban yatsa, a bi ta bayan hannu, a zagaye wuyan hannu sau uku, a zagaye kan gaɓoɓin dunƙule sau uku, a ratsa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, a kama babban yatsa, sannan a ƙare a wuyan hannu. Yatsu a buɗe suke yayin naɗi. Idan an dunƙule ya kamata a ji ya kama, idan an buɗe a ji ya saki. Wanda yatsunsa suka yi sanyi ko suka fara mutuwa ya matse da yawa, ya warware ya sake. Safa mai auns 12 ta ishi mata da marasa jiki, 14 zuwa 16 ga masu nauyi, kuma a sayi mai manne, mai igiya ɓata lokaci ce a aji.

Minti takwas na farko na ɗumama jiki ne: sassarfa a tsaye, juya kafaɗu da ƙugu, tsallen igiya na minti biyu ga masu iyawa, sauran su yi tsallen ba igiya. Ba a fara da dogon miƙa jijiya a tsaye, wannan na ƙarshen aji ne.

Minti takwas na biyu su ne suka fi kowanne daraja, domin a nan ake koyarwa, tun jiki bai gaji ba. Gajiyayyen mutum ba ya koyon sabon abu, tsohuwar ɗabi'arsa yake komawa. A fara da tsayuwa: mai amfani da dama ya sa ƙafar hagu gaba, bahago ya sa ta dama, faɗin ƙafafu daidai da kafaɗu, diddigen baya a ɗage kaɗan, gwiwoyi a sake. Haɓa a ƙasa, hannuwa a kumatu, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari. Bahagwai ka tara su gefe ɗaya, in ba haka ba za su rikice su rikita na kusa da su.

Naushi kuma da lamba ake kiransa. Ɗaya shi ne miƙaƙƙen naushin hannun gaba, biyu miƙaƙƙen na hannun baya, uku lanƙwasasshen na gaba da ke zuwa ta gefe, huɗu irinsa na baya, biyar da shida masu tasowa daga ƙasa. A mako biyu na farko ɗaya da biyu kaɗai za a koya, sai haɗinsu: ɗaya-biyu, ɗaya-ɗaya-biyu. Uku ya shigo a mako na uku, biyar da shida su jira wata na biyu. Da yake wasu yaran Larabci ya fi zama a bakinsu, ka zaɓi harshe ɗaya na ƙirga ka tsaya a kansa, ko ɗaya-biyu ko wahid-isnin, kada ka gauraya a tsakiyar turmi.

Akwai kuskuren da ya fi yawa a wurin mutanenmu, musamman waɗanda suka taso suna kallon damben gargajiya. A can hannu ɗaya ne mashi, ana ja da shi baya a kawo shi da faɗi, ɗayan kuma garkuwa ce a miƙe. Tsayuwar tana taimakawa, tunda sun saba ajiye hannu mai ƙarfi a baya. Amma idan aka kawo wannan lilon a kan buhu, ƙaramin yatsa ne ke fara sauka, kuma ƙashin da ke bayansa siriri ne, shi ne wanda ya fi karyewa a hannun sababbin 'yan dambe. Da gaɓoɓi biyu na farko ake duka, na manuniya da na tsakiya, wuyan hannu a miƙe sak da damtse. Maganin lilo shi ne a tsayar da mutum kafaɗarsa kusa da bango ya yi naushi a hankali. Duk sanda gwiwar hannunsa ta buɗe za ta taɓa bangon, shi da kansa zai gyara. Ƙarfin lamba biyu daga ƙasa yake tasowa: diddigen baya ya juya kamar mai murje kunama da takalmi, ƙugu ya bi, kafaɗa ta bi, hannu ya zo ƙarshe. Kowane naushi a fitar da numfashi da shi. Mai riƙe numfashi kafin minti ɗaya jiri ya kama shi.

Daga nan sai babban aikin. A raba mutum sha shida gida huɗu, kowane gida mutum huɗu, a yi tasha huɗu. Kowane turmi minti biyu ne, hutu minti ɗaya, a cikin hutun ake sauya tasha. Zagaye biyu ke nan turmi takwas, minti 24, da ƙarin minti biyu na shan ruwa a tsakani. Ƙwararrun maza minti uku suke yi, amma sabon shiga da aka ba minti uku, minti na ƙarshen hannuwansa a ƙugu suke, kuskure kawai yake maimaitawa.

Tasha ta farko buhu, mutum biyu a kan kowanne: ɗaya yana duka, ɗaya ya tokare buhun da kafaɗa da hannu ta baya, su sauya duk daƙiƙa 30. Idan buhu yana lilo da nisa, turawa ake yi ba duka ba. A tsaya a nisan da hannu zai kusa miƙewa daidai lokacin da ya sauka, a dawo da shi kumatu da saurin da ya tafi. Tasha ta biyu ƙarfin ƙafa da ciki: tsugunna-tashi na daƙiƙa 40, tokare jiki a miƙe a kan gwiwar hannu da yatsun ƙafa na daƙiƙa 40, sai tsallen igiya. Ta uku matashin hannu. Ta huɗu taku da naushin iska: gaba, baya, hagu, dama, ƙafar da ke kusa da inda za a ita ke fara tafiya, ƙafafu ba sa harɗewa. A naushin iska kada a ƙarasa miƙe gwiwar hannu da ƙarfi, tunda babu abin da zai tare ta, ciwo take yi. Da gangan aka raba buhu da matashi da tasha a tsakani, don kafaɗu su samu hutu. Safa a tasharta take zama, ƙafa huɗu a wurin buhu, biyu a wurin matashi.

Tashar matashi ce kabtin zai fi tsayawa, domin mai tarewa ya fi mai duka fuskantar rauni. A haɗa masu tsawo da nauyi ɗaya. Mai tarewa ya riƙe matasan daidai haɓar abokinsa, kusa da juna, gwiwar hannu a lanƙwashe, nesa da fuskarsa da kamar taƙi ɗaya. Ya tarbi naushin da ɗan dannawa kaɗan, kada ya sake hannu ya bari a fizge masa kafaɗa, kada kuma ya kai wa safar mari. Hagun mai duka tana zuwa matashin hagun mai tarewa ne, dama ga dama, wato a gicciye. Ƙarfi kada ya wuce rabi da ɗan ɗori. Kada a sauya matsayi a tsakiyar turmi, cire safa da sa matashi yana cinye daƙiƙa ashirin: wanda ya yi duka a zagayen farko shi zai tare a na biyu.

Ka sa agogon turmi na waya a lasifika, ƙararrawa ta riƙa yanke lokaci, idonka ya zauna a kan mutane. Gyara ɗaya ake ba mutum a turmi ɗaya. "Alhaji, a ɗaga hannun dama" ya wadatar, idan ka ƙara masa maganar ƙafa da numfashi duka ukun zai zubar. Ma'aunin wahala kuwa magana ce: a tsakiyar turmi mutum ya iya faɗin kalma uku ko huɗu. Mai zuba hira bai fara aiki ba, wanda ya kasa amsa sunansa ya wuce gona da iri.

Bayan turmi na takwas a yi minti uku na rufewa gaba ɗaya: daƙiƙa 20 na ɗaya-biyu da sauri a iska, daƙiƙa 10 hutu, sau shida. Minti biyar na ƙarshe tafiya a hankali, sannan miƙa kafaɗa, ƙirji, damtse da sha-raɓa, kowanne daƙiƙa 20 zuwa 30. Kada kowa ya zube ƙasa kai tsaye daga gudu, jini yana taruwa a ƙafafu mutum ya ga duhu.

Ruwa kowa ya zo da lita ɗaya aƙalla, kurɓa-kurɓa a kowane hutu. Mai yawan gumi ya hau sikeli kafin aji da bayansa, kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa da zai mayar. Masu sa rigar leda don su yi gumi a hana su, ruwa suke zubarwa ba kitse ba. Wanda ya ji ciwon ƙirji, ko ya fara sambatu da tangaɗi, a tsayar da aji, a kwantar da shi wuri mai sanyi, a jiƙa shi da ruwa idan zafi ne, a kira motar asibiti ta Hilal Ahmar a 997.

Sau biyu ko uku a mako ya isa, da kwana ɗaya a tsakani. Idan za a ƙara wahala, abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda: ko sabon naushi, ko tsawon turmi ya koma minti biyu da rabi, ko a rage hutu zuwa daƙiƙa 45. Bandeji na mutum ɗaya ne, ba a aro, a wanke shi bayan kowane aji. Safar da ake rabawa a goge cikinta da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a buɗe bakinta gaban fanka ta kwana. Wadda aka cusa a jaka da danshinta a laimar Jidda, cikin mako guda take wari, kuma ta nan makero ke bin hannun mutane.