Ribas a birij: tayin da ke ɗaukar alkawari biyu

Hausawan Jidda da Makka da suka zo koyon birij (wasan kati na mutum huɗu, biyu-biyu) daga balot, wasan katin da aka sani a Saudiyya, hannunsu ya riga ya faɗa wajen buga kati. Inda suke tuntuɓe shi ne tayi. A balot mutum ya ce hukum (launin da ke yanke sauran), ko sun (wasa ba tare da hukum ba), ko bas (ba shi da tayi), an wuce wurin. A birij kuwa tayi zance ne tsakaninka da abokin wasanka, kowace kalma da nauyinta, kuma wadda aka fi faɗa ba tare da an san nauyinta ba ita ce ribas.

Launuka huɗu suna da daraja daga ƙasa zuwa sama: shiriya ♣, diman ♦, has ♥, sibit ♠, sannan sun, wanda ake rubutawa NT. Ikka (A) maki 4, shayib (K) 3, bint (Q) 2, walad (J) 1, jimla 40 a kati 52. Ribas shi ne mai buɗe tayi ya fara da launi a hawa na ɗaya, abokinsa ya amsa a hawa na ɗaya, sai ya kawo sabon launi a hawa na biyu wanda ya fi na farkon daraja. Hawa shi ne lambar da ke rubuce tare da launin. Misali 1♣, 1♠, 2♥. Haka ma 1♦, 1♠, 2♥, da 1♣, 1♥, 2♦. Amma 1♣, 1♥, 1♠ ba ribas ba ne, tunda ba a bar hawa na ɗaya ba. Shi ma 1♦, 1♠, 2♣ ba shi ba ne, don shiriya tana ƙasa da diman.

Bambancin yana wajen komawa gida. Bayan 1♦, 1♠, 2♣, abokinka mai raunin hannu zai ce 2♦ a tsaya. Bayan 1♣, 1♠, 2♥, in ya fi son launinka na farko dole ya hau 3♣, wato alkawarin ci tara cikin goma sha uku, alhali maki 6 kawai ya tabbatar maka da su. Saboda haka ribas yana ɗaukar alkawari biyu. Na farko ƙarfi: maki 17 zuwa sama, masu tsarin Acol na Ingila kuwa daga 16. Na biyu, wanda aka fi mantawa, launin farko ya fi na biyu tsawo: 5 da 4, 6 da 4, ko 6 da 5. Mai 5 da 5 ba ya ribas, da babban launi yake buɗewa ya sauko kan ƙaramin.

Dubi wannan hannu: ♠4, ♥AKJ5, ♦K63, ♣AQ1082. Maki 17, shiriya biyar, has huɗu. Buɗe 1♣, in aka amsa 1♠ ka ce 2♥ hankali kwance. Yanzu cire ikkan has ka sa 2 a gurbinsa. Siffar hannun ba ta canja ba, amma maki sun koma 13, kuma abin da ya dace shi ne 2♣. Da ciwo a ɓoye has huɗu, amma wanda ya ce 2♥ a nan zai tsinci kansa a 3♣ da maki 19 tsakaninsu su biyu, ƙasa da rabin makin katin. Ko ma abin ya fi haka muni: abokinsa mai maki 9 ya haɗa da 17 da aka yi masa alkawari, ya ga makinsu ya wuce 25 ɗin da ake nema don gem (tayi mai babban lada, kamar 3NT ko 4♥), ya tafi 3NT, a faɗi da ci biyu ko uku. Shi da ya yarda da maganarka ba shi da laifi.

A ɗaya gefen teburin, mai amsawa ba shi da izinin cewa bas bayan ribas, komai talaucin hannunsa, don mai buɗewa yana iya riƙe da 21. To ta yaya zai ce "a taka birki"? A ganina wannan ce yarjejeniyar da ta fi cancanta abokan wasa su zauna a kanta kafin a raba kati. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce 2NT ɗin da ake dangantawa da ɗan wasan birij Monroe Ingberman, wasu kuma suna kiranta Lebensohl. 2NT a nan ba sun na gaskiya ba ne. Umarni ne ga mai buɗewa ya ce 3♣, daga nan mai amsawa ya yi bas ko ya gyara zuwa launin da za a tsaya a kai. A ce yana riƙe da ♠QJ73, ♥842, ♦975, ♣K63 a gaban hannun can na sama mai maki 17: 2NT, 3♣, bas, maki 23 an tsaya inda ya kamata. In ikkan diman ya maye gurbin 9 ɗin, maki sun zama 10, sai ya ce 3♣ kai tsaye, kuma wannan ya wajabta a kai gem. Maimaita sibit a 2♠ yana nuna biyar ko fiye, ba a yi masa bas.

Kurakurai biyu ke ɓata wannan tsari. Mai buɗewa ya manta ya yi bas a kan 2NT, ko ya bi umarnin ido rufe alhali yana da 19 ko 20. Mai irin wannan ƙarfi ya ƙi 3♣, ya faɗi wani abu dabam, in ba haka ba za a bar shi a ƙasa da gem.

Akwai kuma ribas da kati uku, ga mai shiriya shida da ƙarfin da ya wuce 3♣. A yi shi da diman. Da has yana da haɗari, domin wanda ya amsa 1♠ yana iya riƙe da sibit biyar da has huɗu, ya ɗaga ka zuwa 4♥ a kan hukum bakwai, kuma janyo shi daga nan da wuya.